Sandar Fatsa Mai Gaɓa Huɗu

Ni ɗan masunci ne, jikan masunci, daga wani ƙauye a bakin Kwara, ƙasar Yawuri. Na faɗi wannan tun da fari don kada wani ya ɗauka a shagon Jidda na fara sanin kifi. Tun ban iya wanke wandona ba nake tuƙa kwalekwale, kafin gemu ya tsiro mini ina jefa ragar birgi ya buɗe ya sauka a ruwa kamar faifai. Ni ne ɗan fari, kowa a garin ya san ni zan gaji Baba.

Ranar da zan taho umara Baba ya raka ni har bakin kwalta. Ya riƙe hannuna ya ce, "Wata ɗaya. Ka dawo kafin ruwa ya janye." Na ce in Allah ya yarda. Wata ɗayan ya cika ina unguwar Sharafiyya a Jidda ina sauke buhunan shinkafa daga mota, ina ce wa kaina bari in ɗan samu na injin kwalekwale tukuna. Ruwa ya janye, ya dawo, ya sake janyewa. Biza ta mutu, fasfo ya bi ta, na zama ɗan takari kamar sauran, ba iƙama, wato takardar zama, ba kafili mai tsaya mini, in na hango motar 'yan sanda in shige lungu.

Baba bai tsine mini ba. Da tsinewar ya yi ma, da na san matsayina. Shiru ya yi mini.

A wancan zamanin waya ba ta isa ƙauyenmu ba, wasiƙa kuma sai an kai wa malamin makaranta ya karanta wa duniya. Don haka kaset muke yi. Duk lokacin aikin Hajji ko umarar azumi, in nemi wani ɗan yankinmu in ba shi kaset da ɗan saƙo, shi ma ya miƙo mini nasu. Sai in hau ɗakina na saman bene a Mada'in Fahad, in rufe ƙofa, in kunna. Inna ta gaishe ni, ƙanena ya ba ni labarin wanda ya mutu da wanda ya yi aure, Gwaggo ta roƙi man zafi. A ƙarshe ƙanena ya ce, "Baba, ga shi yana ɗauka, ko za ka ce wani abu?" Sai shiru. Wani lokaci tari, wani lokaci ƙarar takalminsa yana fita. Shekara goma sha ɗaya ina mayar da wannan wurin baya ina sake saurara. Abu ɗaya nake nema a duniya, in ji ya ce ya yafe mini kafin ɗayanmu ya mutu.

A shekara ta huɗu na bar dako na samu aiki a shagon kayan kamun kifi, kusa da kasuwar kifi. Mai shagon wani dattijo ne ɗan Hadramaut, mara yawan magana. Ya gan ni na ɗaura ƙugiya ban duba hannuna ba, ya ce in zo gobe. Shara nawa, sauke kwali nawa, naɗa wa masu saye igiya a makina nawa. In masu bincike sun shigo layin, in zame ta ƙofar baya in je masallaci in daɗe ina alwala. Da ni da shi za mu yini, maganarmu ba ta wuce "miƙo" da "ajiye". Juma'a ce ta fi mini tsawo, don ba shago. In yi wanki, in dafa shinkafa da kifin gwangwani, ni ɗan masunci, in ci ina kallon tankunan ruwa na maƙwabta.

Can ƙuryar shagon akwai wasu sanduna siri-siri da ba mai taɓa su sai Turawa. Larabawa su ɗaga su yi dariya su mayar. Ni ma raini nake musu. Sanda ta fi ni tsawo nesa, ba nauyi, kanta kamar tsinken tsintsiya, ba a sa mata dalma, ba tana, ba jatan lande. Ƙugiya ce kawai aka ɗaura wa gashin tsuntsu ta yi kama da ƙwaro ko ɗan kifi. Na ce wa mai shago, da kiran da Larabawa ke yi wa kawu, "Ammi, wane sakaran kifi ne zai ci gashin kaza?" Ya ce, "Ba ruwanmu. Goge musu ƙura."

Mai sayensu na kullum wani tsohon Bature ne, injiniya a wurin tace ruwan teku, dogo, wuyansa ja kamar an yi masa ƙunshi. Larabcinsa ya fi nawa lalacewa, shi ya sa muka fahimci juna. Wata rana sabbin sanduna suka iso, ya ce in biyo shi filin bayan shago ya gwada. Ya zaro igiyar, wata mai kauri, launin ɗorawa, ya ɗaura ɗan ulu a bakinta maimakon ƙugiya. Ya ɗaga sandar baya, ya tsaya, ya turo gaba. Igiyar ta tafi a iska a lanƙwashe, ta warware a hankali, ulun ya sauka gindin wata tsohuwar taya can ƙarshen fili. Ko kafaɗarsa bai motsa ba. A nan na gane nauyin a jikin igiyar yake, ita ke jan ƙugiya, ba ƙugiya ke jan ta ba.

Ya miƙo mini. Na ce a raina, yau Bature zai ga jifa. Na kafa ƙafa, na murɗa ƙugu, na saki da dukan jikina yadda ake sakin birgi. Igiyar ta yi ƙara a bayana kamar bulala, ta dawo ta naɗe wuyana, ta cire mini hula. Na sake, ta ƙulle kanta wuri uku. Raina ya ɓaci sosai. Mutumin da ke jefa birgi a tsaye cikin kwalekwale, ruwa na ja, wai tsinke ya gagare shi a busasshiyar ƙasa, gaban maguna.

Bature bai yi dariya ba, na ba shi wannan. Ya sa mini jarida a hammata ya ce kada ta faɗi. Ya kama hannuna ya kai sandar baya, ya ce, "Istanna, ya Hajj," wato dakata. Na dakata. Sai na ji wani ɗan nauyi ya ja sandar daga baya, alamar igiya ta miƙe. A lokacin ya tura hannuna gaba kaɗan ya tsayar. Ashe sandar ce ke jifa, kai naka ka lanƙwasa ta ka bar ta ta miƙe. Birgi ƙarfin mutum yake so, wannan kuwa in ka sa mata ƙarfi ta kunyata ka.

Daga nan na shiga hauka da sandunan. Na gane ba ɗaya suke ba. Akwai mai tauri, wadda kanta kawai ke lanƙwasa, ta miƙe nan da nan. Ita ke keta iskar teku ta kai nesa, amma ba ta da uzuri, ka yi saurin ƙiftawar ido ko ka makara, igiya ta zube a ƙafarka. Akwai ta tsakiya, mai lanƙwasa zuwa rabi. Akwai mai laushi, wadda ke rusunawa har kusa da mariƙi, tana tafiya a hankali, tana gaya wa tafin hannunka abin da igiya ke yi a bayanka ba sai ka waiga ba. Ba ta kai nisan mai tauri, amma tana ajiye ƙugiya a ruwa ba tare da kifi ya firgita ba. Kowace shekara kuwa kamfanoni sai sun fito da sabuwar ƙira, kowacce ta fi ta bara rashin nauyi da tauri, da hoton wani ƙato a kwali yana murmushi. Samarin Turawa su zo su karkaɗa ta a shago sau biyu su ce ta yi. Haushi nake ji. Sanda ba a sanin halinta sai an zura mata igiya.

Mai shago ya bar ni ina aron wata tsohuwa ranar Juma'a. Bakin teku ba wurin mara takarda ba ne, don haka saman bene nake hawa da hantsi, in ajiye murfin tukunya a ƙarshen rufin, in yi ta jifa da ulu har rana ta kore ni. Sau uku kacal Bature ya ɗauke ni a motarsa zuwa kudu da gari, inda ruwa bai wuce gwiwa ba, don motarsa ba a tsayar da ita. Ranar da kifi ya fara cafkar gashin kazar nan, na ji shi har gwiwar hannuna, na juya don in gaya wa wani da Hausa. Babu kowa sai Bature can nesa, ya ɗaga mini babban yatsa.

Da zai bar aiki ya koma ƙasarsu, ya zo shago da bututu biyu, kowanne da sanda a ciki, ya ce in zaɓi ɗaya. Ɗaya sabuwa ce fil, mai tauri, ɗayar tsohuwar ƙira mai laushi, mariƙinta har ya yi duhu da gumi. Kowacce gaɓa huɗu ce, ana zura wannan cikin wannan. Na tuna kafaɗar Baba, wadda ƙanena ya ce ta hana shi jefa birgi shekara biyu, yana zaune bakin ruwa yana kallon wasu. Na tuna yadda kifayenmu, tsage da kawara, ke cafkar ƙwari a saman ruwa in gari ya waye. Na ɗauki mai laushin. Bature ya ce sabuwar ta fi tsada, na ce na sani.

Kaset ɗin da na yi a shekarar ban taɓa yin irinsa ba. Ban ce a yafe mini ba, wannan na faɗa sau goma ba amsa. Sanda kawai na yi wa Baba bayani, fuska biyu na kaset. Yadda za a haɗa gaɓoɓin zobba su daidaita, yadda igiya ke bi ta cikinsu, dalilin da ya sa na zaɓi mai laushi, cewa ba ta son kafaɗa, wuyan hannu da haƙuri take so. Na san in akwai maganar da zai tsaya ya saurara daga bakina, maganar ruwa ce.

Na ba wani Alhaji ɗan garinmu, mai sayar da busasshen kifi, sandar da kaset ɗin, da makina da igiya da ƙugiyoyi, da tsarabar da aka saba: dabino, zamzam, kwalli, carbi, man zafin Gwaggo. Na ce masa, "Alhaji, don Allah bututun nan hannun Baba." Ya ce in kwantar da hankalina.

Amsa ba ta zo ba sai azumi, hannun wata Hajiya mai umara. Na sha ruwa a tsaye, na kunna. Ƙanena ne ya fara, yana magana yana danne dariya. Wai a filin jirgi an ce bututun ya yi tsawo, Alhaji ya zare sandunan ya naɗe su a darduma ya jefar da bututun. Kaset kuma yana cikin babbar jaka, wadda ba ta iso ba sai bayan wata biyu. To tsarabar Makka ba a cinye ta gida ɗaya. Inna ta shimfiɗa tabarma, ta kasa dabino, ta kasa zamzam a 'yan kwalabe, ta ga sanduna huɗu masu sheƙi daga ƙasa mai tsarki, ta kasa su su ma. Mai mariƙi ta Baba. Ta biyu aka kai wa Baffa, ta uku liman, siririn kan kuma Gwaggo, tana korar kaji daga shanya da shi. Igiyar aka ɗaura tsakar gida, wai ba a taɓa ganin igiyar shanya mai kyanta ba.

Na kashe rediyon na zagi Alhaji, na zagi filin jirgi, na zagi kaina da ban aika da kaset a aljihunsa ba. Inna kam ba ta yi laifi ba, abin da aka saba ta yi, ni ma da ina gida da ni zan kai wa liman nasa. Sai da na huce na sake kunnawa.

Ƙanena ya ce da jakar ta iso aka sa kaset, Baba yana zaune yana gyaran koma, bai tashi ba. Da ya ƙare ya ce a juya. Washegari ya aika gidan Baffa da gidan liman aka karɓo, aka kwance igiyar shanya. Na Gwaggo ne aka tarar ya karye biyu, akuya ta taka. Daga nan ƙanena ya ce, kamar kullum, "Baba, ga shi yana ɗauka." Na ji shiru, na ji tari. Sai na ji an ja rediyon a ƙasa.

"Kai na Jidda," in ji Baba. Muryar ta tsufa, ban shirya wa wannan ba. "Na ji kaset ɗinka, sau uku aka sa mini. Surutu ya yi yawa. Amma mai laushin ita ce daidai, nan ka yi gaskiya. Gorar fatsa ma wadda ke rusunawa ita ke fid da babban kifi. Kanta ya karye wurin gwaggonka. Kuma ni ba a koya mini jifa da baki. Ubana hannuna ya kama. In kana so in jefa wannan abu, ka zo ka kama hannuna."

Shi ke nan maganar. Na kifa kaina a gwiwa na yi kuka irin wanda ban yi ba tun ina yaro, kuma babu wanda zan buga wa ƙofa in ce Baba ya yi mini magana.

Da safe na gaya wa mai shago zan tafi gida. Ya dube ni ya daɗe, ya ce, "Halas, Allah ya sauƙaƙe." Mara takarda hanyarsa ɗaya ce, ya je ƙarƙashin wata gada inda 'yan takari ke taruwa, ya jira motar jawazat, jami'an shige da fice, ta kwashe shi zuwa gidan tarhil inda ake tara waɗanda za a mayar gida, daga can jirgi. Wanda ya fita ta nan, dawowarsa sai ikon Allah. Na yarda da wannan. Abin da ban yarda da shi ba shi ne in je wa Baba da hannu biyu, sanda ba kai. Na roƙi mai shago ya aika wa kamfanin su turo kan.

Bayan sati uku amsa ta zo, wai sun daina wannan ƙirar, sai sababbi. Mai shago ya zaro sabuwa daga ƙurya, cikin bututunta, ya ɗora a kan tebur ya ce, "Ɗauki wannan kyauta. Yalla, tafi." Na lanƙwasa ta a ƙasa, kanta kawai ya motsa. Na ce ba ta Baba ba ce, za ta karya masa wuyan hannu. Gaskiyar magana, shekara goma sha biyu abu ɗaya tak na yi wanda ya ce na yi daidai, ba zan je masa da kishiyarsa ba. Mai shago ya ce, "Ya Hajj, tsoho ba sanda yake jira ba." Na ce masa bai san Baba ba. Har da ɗaga murya, ni da ke cin abinci a hannunsa.

Ya ci gaba da aikawa, wannan dillali ya tura shi ga wancan. Ƙaramar Salla ta wuce, watan bayanta ya wuce, alhazai suka cika gari suka fara watsewa. Bayan Babbar Salla kan ya iso, cikin ɗan kwali dogo, daga wani shago da ya rage masa guda ɗaya. Na gwada shi da yatsa, ya rusuna yadda nake so. Na yanka bututun ruwa na roba daidai tsawonsa, na zura shi, na toshe baki biyu da tsumma. Na raba tukunyata da katifata ga maƙwabta, na tafi ƙarƙashin gada.

Kwana goma sha biyu na yi a kan kwali, cikin mutanen ƙasashe iri-iri, kowa da jakarsa a ƙarƙashin kai. Mota ta zo, a yi ta turereniya, ta cika ta tafi ta bar mu. Wasu bayin Allah kan kawo ruwa da gurasa. Ana tambayata me ke cikin bututun, in ce tsaraba.

Rana ta goma sha uku, bayan azahar, na hango wani ɗan garinmu mai wankin mota a Waziriyya yana bin mutane yana duba fuska. Shi kaɗai a cikinmu ke da wayar hannu, kuma a lokacin an fara buga waya a cikin Yawuri. Ya tsuguna gabana bai gaishe ni yadda ya saba ba. Ya ce ƙanena ya shigo Yawuri, zai sake kira yanzu. Muka zauna har wayar ta yi ƙara.

"Yaya," in ji ƙanena, "sai haƙuri. Baba, yau kwana takwas. Zazzaɓi ne, kwana huɗu ya yi."

Na yi salati. Na tambaye shi wa ya yi masa salla, ina aka sa shi. Sannan na tambayi abin da nake son tambaya. "Ya ce ya yafe mini?"

"Ya tara mu ranar da zai cika, ya ce ya yafe wa kowa da kowa."

"Ni fa? Ya ambace ni?"

Layin ya yi shuu. "Yaya, kai ɗan fari ne, ka san ba ya kama sunanka ko da lafiyarsa." Sannan ya ce, "Tun bayan azumi dai, duk motar da ta tsaya bakin kwalta sai ya aika a dubo."

Na ce ina ƙarƙashin gada, ko gobe mota na iya ɗaukata. Ya ce Inna ta san zan faɗi haka, ta ce a gaya mini in zauna inda nake, yanzu gidan gaba ɗaya a wuyana yake. Katin ya ƙare kafin in amsa.

Ban san ko "kowa da kowa" ya haɗa da ni ba. Wasu ranaku ina cewa ya haɗa, tunda ya ce in zo. Wasu ranaku ina cewa ya ajiye nawa ne sai na zo, ni kuma na tsaya jiran tsinke wata uku. Babu malamin da ban tambaya ba, duk sun ce in yi masa addu'a, ina kuwa yi.

Na tashi na naɗe kwalin na ba na kusa da ni. Na isa shago ana kiran la'asar. Mai shago ya dubi fuskata, ya dubi bututun a hannuna. Ya ce akwai kwalaye a mota, in na yi salla in sauke.